Ƙarfen da jini ya bari a ƙwaƙwalwa

'Yata, mahaifiyarki ta faɗa mini kin daina sa wa maigidanki hanta da alayyahu a miya, wai kin ji an ce likitoci sun gano ƙarfe a ƙwaƙwalwar masu farfaɗiya. Maganar tana da tushe, amma ba ta tukunyarki ba ce. Ki saurara.

Kowane ɗan Adam yana da sinadarin ƙarfe a ƙwaƙwalwa, yana ma ƙaruwa yayin da shekaru ke ja. Wanda ke damun likitoci daban yake. Idan kai ya bugu, ƙananan jijiyoyi suka fashe, jinin da ya zuba a ciki yakan narke ya tafi, amma ƙarfen da ke cikinsa ya tsaya a gurin, kamar tsatsar da ƙusa ke bari a bango bayan an zare ta. Wannan ragowar tana iya tsokanar naman ƙwaƙwalwar da ke kewaye, har wata rana wutar gurin ta rikice, mutum ya faɗi. Tun 1978 wani likitan Amurka, Willmore, da abokan aikinsa suka zuba sinadarin ƙarfe a ƙwaƙwalwar ɓeraye, ɓerayen suka riƙa farfaɗiya.

To ki tuna da hatsarin acaɓar da mijinki ya yi, babu hular kwano a kansa. Rauni ya warke, aka yi sadaka, aka manta. Ciwon bai fito ba sai bayan watanni, shi ya sa mutanen gida suka kasa haɗa biyun, suka ɗora wa iskokai da sammu. Haka ciwon yake, yakan yi jinkiri. Mu nan Agege mun ga irinsa a wajen yaranmu masu haya da babur, tun kafin gwamnatin Legas ta hana acaɓa a Ikeja da wasu ƙananan hukumomi a 2022.

Na'urar MRI da likitoci ke ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa da ita, da maganaɗisu take aiki, shi kuwa ƙarfe ba ya ɓoye wa maganaɗisu. Inda tsohon jini ya kwanta yakan fito baƙi a wani nau'in hoton da ake kira SWI. Akwai kuma sabuwar hanya, QSM, mai auna yawan ƙarfen lungu-lungu, amma har yanzu galibi a hannun masu bincike take. Kada wani ya ruɗe ki ki sayar da ɗan kunnenki don nemanta. Amfanin hoton shi ne ya nuna inda ciwon ke tasowa, musamman ga wanda magani ya ƙi yi wa aiki har ake tunanin tiyata. Wani kuma a ɗauki hoton a ga komai lafiya lau, alhali farfaɗiyar tana nan.

Ku fara da likitan ƙwaƙwalwa. Asibitin koyarwa na jihar Legas, LASUTH, yana nan Ikeja kusa da ku, ga LUTH a Idi-Araba. Likitan ne zai ce ko gwajin wutar ƙwaƙwalwa na EEG ake buƙata, ko MRI, ko duka biyun. In za a shiga na'urar MRI, ku sanar da su idan an taɓa sa masa ƙarfe a jiki lokacin ɗori.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne ƙwayar magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 50 ke da farfaɗiya a duniya, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya rabuwa da faɗuwa in sun samu maganin da ya dace suna sha. Mu kan lalata aikin da kanmu: an yi wata uku lafiya, sai a ce an warke, a ajiye. Yanke shi farat ɗaya na iya jawo faɗuwar da ta fi ta baya muni. In azumi ya ƙarato, ku tambayi likita yadda za a tsara lokacin sha. Addu'a kuwa kada ku fasa, ba ta taɓa hana shan magani ba.

Ranar da abin ya taso, ki kwantar da shi ta gefe, ki sa abu mai laushi ƙarƙashin kansa, ki janye murhu da wuƙa. Ban da cokali a baki, ban da ɗura masa ruwa ko jiƙo. Yawunsa ba ya harbin kowa, ki faɗa wa maƙwabta haka da bakinki. In ya wuce minti 5 bai lafa ba, sai asibiti. Kuma ki sa ƙaninsa ya ɗauki abin a waya, domin likita ba ya nan sa'ad da yake faruwa, bidiyon kan gaya masa abin da ku ba ku lura da shi ba.