Gonar Gado da Gonar Ciniki: Ka San Kotun da Za Ka Nufa

Duk lauyan da ke aiki tsakanin Birnin Kebbi da Argungu ya san cewa rikicin gonar shinkafa a fadamar Rima kan lalace tun a matakin ɗaukaka ƙara. Jama'a da yawa sun ɗauka cewa tunda Jihar Kebbi ta faɗaɗa aiki da Shari'a a shekarar 2000, kowace ƙara da alƙali ya yanke za ta wuce Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. Sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 kuwa ya iyakance hurumin wannan kotu ga aure, saki, riƙon yara, waƙafi, kyauta, wasiyya da gado. Idan magada ne ke jayayya kan rabon gonar mahaifinsu, ƙofarta a buɗe take. Idan kuma maƙwabta biyu ne kowa ke cewa shi ya saya, Kotun Ƙoli ta riga ta tabbatar da cewa ba huruminta ba ne, Babbar Kotun Jiha ake nufa. Wanda ya kuskure hanya zai iya yin nasara, bayan shekaru a rushe hukuncin, kuɗinsa da noman damina su tafi a banza.

Wasu kan ce wannan fifita dokar mutum ne a kan ta Allah, kuma damuwarsu abin saurare ce. Sai dai fiƙihu kansa ya yarda shugaba ya keɓe wa alƙali gari ɗaya ko nau'in shari'a ɗaya, hukuncinsa a wajen wannan iyaka kuma ba ya zartuwa. Yahudawa ma sun daɗe da fuskantar wannan tambaya. Tun ƙarni na 3 malaminsu Shamuwel na Babila ya kafa ƙa'idar cewa dokar masarauta tana aiki a kansu a sha'anin dukiya, kuma a Ingila yau kotun malamansu tana yanke rikicin kuɗi ne ƙarƙashin dokar sasanci ta 1996, sannan kotun gwamnati ta zartar. Musulmin Najeriya sun fi su samun gurbi, domin alƙalansu ma'aikatan hukuma ne, kuma sashe na 237 ya wajabta masana Shari'a aƙalla uku a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya.

Kiyaye hurumi kariya ce ga haƙƙin da Shari'a ta bai wa maraya da matar mamaci. Saboda haka kafin ka biya kuɗin ɗaukaka ƙara, ka tambayi lauya ko magatakardan kotu: ƙarata ta gado ce ko ta mallaka?