Komawa Bakin Sitiyari: Darasi Ga Direbobin Manyan Motoci Na Maiduguri

Jama'a, an shirya wannan darasi ne domin direban babbar mota wanda ya daɗe da ajiye tuƙi, yanzu kuwa girma ya fara kama shi, yana so ya koma bakin sana'arsa. Ana roƙon wanda ya iya karatu ya karanta wa 'yan'uwansa a tasha.

Mafarin Magana

Maiduguri gari ne wanda cinikinsa ya dogara bisa hanya. Ta nan kayan Kano da na Kudu suke bi zuwa Dikwa da Gamboru, su haye gada zuwa Fotokol ta ƙasar Kamaru, su wuce Kuseri har birnin Njamena na Cadi. Daga nan kuma ake lodin shanu da wake da busasshen kifin Baga zuwa sauran sassan Nijeriya.

Rikicin Boko Haram da ya tashi a 2009 ya tsinke wannan zirga-zirga. Zuwa 2014 yawancin hanyoyin da suka fita daga garin sun rufe, sai ta Damaturu zuwa Kano kaɗai ta rage ana bi. Direbobi da yawa suka ajiye makulli. Wani ya koma tuƙa keke mai ƙafa uku, wani tireda, wani kuwa gudun hijira ya raba shi da motarsa. A 2016 aka shiga buɗe hanyoyi: ta Damboa zuwa Biu a watan Fabrairu, ta Dikwa zuwa Gamboru a Yuli, ta Baga da ta Damasak a Disamba. Ta Bama zuwa Banki kuwa sai a watan Maris na 2018.

To, a ɗauki misalin mutumin da ya sauka daga tirela a 2013 yana ɗan shekara 35. Yau ya doshi 50, ga iyali, ga kuɗin makaranta. Komawarsa abin yabo ne, gama neman halal ba shi da shekaru. Amma Hausawa kan ce in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Abubuwa huɗu sun sake a bayansa: jikinsa, doka, mota, da hanya.

Na Ɗaya: Jiki

Hannu ba ya saurin manta sitiyari, amma ido da jini ba su tsaya jiran kowa ba. Daga shekara 40 zuwa sama ganin kusa yakan ragu, fitilar motar da ke tahowa da dare kuma takan daɗe tana kashe wa mutum ido. Akwai hawan jinin ido, wanda yake cin gani daga gefe ba tare da ciwo ba, har direba ya kasa lura da mai babur da ke kusa da tayarsa. Hawan jini da ciwon sukari su ma sukan daɗe a jiki ba a sani ba.

Saboda haka tashar farko ita ce asibiti. A auna ido, a auna jini, a auna sukari. In likita ya rubuta tabarau, a sa shi, ba abin kunya ba ne. In ya ba da magani, a tambaye shi ko yana sa barci. Lalle ne kuma a guji ƙwayoyi irin su tiramadol da wasu ke sha wai don su kore gajiya. Barci bashi ne, ba abin da ke biyansa sai barci. Ƙa'idar hanya ta ce a huta aƙalla minti 15 bayan kowane tuƙin awa 4.

Na Biyu: Doka

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ita ce ke buga lasin tuƙi tare da haɗin gwiwar jihohi. Lasin yakan yi shekara 3 ko 5, don haka wanda ya daɗe a aljihu ya riga ya mutu, kuma tuƙi da shi laifi ne. Tun 2011 aka kawo sabon lasin wanda sai mutum ya je da kansa an ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Yanzu kuma ana neman lambar shaidar zama ɗan ƙasa. Kada a ba wani kuɗi a bakin tasha wai ya kawo lasin har gida. Na jabu ne zai kawo. A duba ajin lasin kuma: tirela mai kai da bodi a rarrabe aji G take bukata.

Daga 1 ga Fabrairu 2017 Hukumar ta fara tilasta wa motocin haya su sa na'urar ƙayyade gudu. Iyakar gudun tirela da tanka shi ne kilomita 45 a awa cikin gari, 50 a babbar hanya, 60 a tagwayen hanya. Kamfanin da ke da motoci 5 ko fiye kuwa, tun 2007 doka ta ɗora masa yin rajista da Hukumar da horar da direbobinsa. Mai neman aiki a irin wannan wuri ya shirya wa jarrabawa.

Na Uku: Mota

Wanda ya saba da tsohuwar DAF ko Marsandi zai tarar da motocin ƙasar Sin irin su Howo sun cika tasha. Jerin giyarsu da kamun birkinsu dabam ne. Kada girman kai ya hana shi zama gefen wani direba na tafiya biyu ko uku, ko da a da yaron motarsa ne. Sa'an nan ya gwada tuƙi a fili babu lodi, ya gwada baya, ya gwada kwana, kafin ya ɗauki dukiyar mutane.

A riƙe wannan lissafi. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 cikin daƙiƙa ɗaya. Direban da ya sunkuya ya dubi waya na daƙiƙa 2 ya yi tafiyar fiye da mita 30 a makance. In kuma aka ninka gudu sau 2, nisan da birki ke bukata kafin mota ta tsaya yakan ninku sau 4.

Kowace safiya a jira iska ta cika kafin a motsa, a zubar da ruwan da ya taru a tankin iska, a saurara ko akwai inda take zurara. A duba baƙin mai, da ruwan lagireto, da fitilu, da madubai. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Watau 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Hukumar tana gargaɗin kada a yi aiki da tayar da ta wuce shekara 4 da ƙerawa, balle a zafin kwaltar Barno na watan Afrilu.

Na Huɗu: Hanya

Buɗe hanya ba shi ne ƙarewar hatsari ba. A daren 9 ga Fabrairu 2020 aka kashe matafiya kimanin 30 a Auno, suna kwance cikin motocinsu bayan sun tarar an rufe ƙofar shiga Maiduguri. Darasin da ke ciki shi ne a auna tafiya da rana. Mai tahowa daga Kano, tafiyar fiye da kilomita 500, in ya ga yamma za ta riske shi, ya kwana a Potiskum ko Damaturu. Inda hukuma ta ce sai da rakiyar soja, a jira rakiya, kada a fita daga ayari, kada a sauka daga kan sawun motar gaba, domin an sha binne bam a gefen hanya. A shingen bincike a rage gudu, a bi umarni. Ambaliyar da ta biyo bayan fashewar madatsar Alau a Satumba 2024 ta lalata gadoji a cikin garin, don haka a tambayi ofishin ƙungiyar direbobi halin kowace hanya kafin a tashi. In haɗari ya auku, lambar kiran Hukumar ita ce 122.

Game da mai mota kuwa, a yi magana a fili gaban shaidu: nawa ne albashi, nawa ne kuɗin hanya, wa zai biya gas da gyara. Tsohon lissafi ba zai yi aiki yau ba.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa uku za a auna a asibiti?
2. Mene ne iyakar gudun tirela a babbar hanya?
3. Taya mai lamba 4021, yaushe aka ƙera ta?

Ya kai direba, iyalinka ba lodi kaɗai suke jira ba, dawowarka suke jira. Tafiya sannu sannu kwana nesa. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya, amin.