Sifaniyanci da Kasuwancin Ƙasa da Ƙasa: Me Ɗan Arewa Zai Samu?

TAMBAYA

 Ɗana ya ci jarrabawar BAC bana a Dogon Dutsi, ya ce shi Sifaniyanci zai karanta a jami'a tare da kasuwancin ƙasa da ƙasa. Ni manomi ne, da rani kuma ina ɗan taɓa sayen wake da gujiya tsakanin kasuwanninmu da na Najeriya. Ƴan'uwa sun raba mini hankali biyu. Wasu na cewa ɓata lokaci ne, wa zai yi wa Sifaniyanci a Arewa? Wasu kuma na cewa in bar shi, hanyar Turai ce ta buɗe masa. Ba na son in kashe abin da na tara a banza, ba na kuma son in kashe wa yaro gwiwa. Ina mafita?

Wani mahaifi daga Tibiri

AMSA

 Allah ya sa albarka a wannan nasara ta yaro. Shawarata a taƙaice ita ce ka bar shi ya karanta, amma bisa sharaɗi ɗaya: kasuwancin ya zama sana'arsa, Sifaniyancin kuma ya zama abin da zai fifita shi a kan sauran masu wannan sana'a. Idan aka juya lamarin, yaro zai fito da harshe mai daɗi a baki amma babu aikin yi.

Masu cewa ɓata lokaci ne suna da ɗan abin kamawa. Guraben aikin da ake neman Sifaniyanci zalla a Nijar kaɗan ne: koyarwa, tafinta, ofishin jakadancin Sifaniya a Yamai, da ƙungiyoyin agaji masu alaƙa da ƙasar. Su ma waɗannan na ƙarshe kwangila ce ta shekara ɗaya ko biyu, in kuɗi ya yanke aiki ya yanke. A duk Afirka, Ikwatoriyal Gini kaɗai ke da Sifaniyanci a matsayin harshen hukuma. Maƙwabcinmu na kusa, wanda kake kai wa wake, da Hausa da Ingilishi yake ciniki. Kundin dokar ƙasa da Nijar ta kafa a watan Maris na 2025 ma ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Saboda haka duk wanda ya ce wa ɗan Arewa ya bar Ingilishi don Sifaniyanci ya cuce shi.

Amma inda suka yi kuskure shi ne ɗaukar cewa sai mai jin harshen ya zo Tibiri sannan harshen zai yi amfani. Kayanmu sun daɗe suna zuwa inda ake jin sa. Mutum kusan miliyan 500 ne suka tashi da Sifaniyanci a matsayin harshen uwa, kuma harshen hukuma ne a ƙasashe 20. A cikinsu akwai masu cin abin da muke nomawa.

Ɗauki aya. A yankin Balensiya na Sifaniya ana yin wani abin sha da ita mai kama da kunun ayarmu, wanda suke kira horchata, ana sha sosai lokacin zafi. Abin da gonakinsu ke bayarwa ba ya isar masana'antunsu, shi ya sa suke sayen aya daga Nijar da Mali da Burkina Faso. A wajenmu jihar Maraɗi ce cibiyar nomanta. Ɗauki zoɓorodo kuma, wanda matanmu ke shukawa a gefen gona. Meziko na cikin manyan masu sayensa a duniya, kuma mafi yawan wanda ake fitarwa daga Kano da Jigawa can yake nufa. Ga fatar jar akuya ta Maraɗi da Sakkwato, ga kuma masana'antun takalma na lardin Alikante a Sifaniya da ba sa rabuwa da neman fata mai kyau.

Tambayar da ta kamata mu yi wa kanmu ita ce: tsakanin manomin da ya cika buhu da kamfanin da ya karɓi kwantena a tashar jirgin ruwa, wa ke kwashe riba mafi tsoka? Wanda ya iya magana da mai saye, ya iya karanta yarjejeniya, ya san takardun da ake nema. Mafi yawan lokaci wannan mutumin ba ɗan garinmu ba ne. Wannan gurbin nake so ɗanka ya nufa. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari, shi kuwa ɗan gari ne a wajen manomi. Abin da ya rage masa shi ne ya san harshen mai saye da dokar cinikin.

Me zai koya a kasuwancin?

Kada ka ɗauka zuwa zai yi ya koyi taya da sallamawa, wannan ya gani a wajenka. Abin da jami'a za ta ƙara masa shi ne ƙa'idojin da ke sa mutum biyu da ba su taɓa haɗuwa ba su amince wa juna da miliyoyi.

Akwai ƙa'idojin miƙa kaya da ake kira Incoterms, guda 11 a bugun 2020, waɗanda Majalisar Ƴan Kasuwa ta Duniya mai mazauni a Paris ke fitarwa. Bari in ba ka misali da ɗaya. Idan yarjejeniya ta ce FOB Lome, ma'anarta duk kuɗin da za a kashe daga Arewa har kaya su hau jirgin ruwa a Lome yana wuyan mai sayarwa: kuɗin mota, duwan, ƴan dako, ajiya, da duk wata asarar hanya. Ga ɗan kasuwar da ƙasarsa ke bakin teku wannan ƙaramin abu ne. Gare mu da ba mu da teku, nan ne riba ke narkewa. Tun da aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil a 2023, kaya da yawa sun bar hanyar Kwatano sun koma bi ta Burkina Faso da Lome, hanya ta ƙara tsawo, kuɗin mota ya hau. Wanda ya sa hannu a kan farashi bai lissafa wannan ba, da hannunsa ya rubuta asararsa.

Ɗanka zai kuma koyi yadda ake biya ta takardar lamunin banki, inda bankin mai saye ke ɗaukar alkawarin biyan kuɗi da zarar an gabatar da takardun da aka ambata daidai, ba kuskuren harafi ko kwanan wata. Zai koyi dokokin OHADA, waɗanda aka kafa a 1993, Nijar da wasu ƙasashe 16 suke aiki da su wajen kafa kamfani da rubuta lissafi. Zai san cewa Yuro ɗaya sefa 655.957 ne ba ya motsi, wato Yuro 1,000 ya kusan jika 656, alhali mai sayar wa Meziko da dalar Amurka yake ciniki, ita kuwa tana hawa tana sauka. Zai san sharuɗɗan lafiyar abinci na Turai, musamman a kan gubar da fumfuna ke haifarwa a gyaɗa da aya idan ba a shanya su sun bushe sosai ba. Kwantena guda ana iya mayar da ita saboda wannan. Zai kuma karanci yarjejeniyar cinikin bai-ɗaya ta Afirka, wadda aka ƙaddamar da matakin aikinta a nan Yamai a watan Yuli na 2019.

Ka ga duk wannan lissafi ne. Idan BAC ɗinsa na sashen adabi ne, ya zauna tun yanzu ya gyara lissafinsa da aikin kwamfuta kafin a koma karatu. Da yawa daga cikin masu faɗuwa a shekarar farko ta tattalin arziki, lissafi ne ke kayar da su.

Ina zai karanta?

Ya fara digirinsa na farko, wato lisans ta shekara uku, a gida. Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai tana da tsangayar tattalin arziki da gudanarwa. Jami'ar Jibo Hamani ta Tawa ita ma tana koyar da shari'a da tattalin arziki da gudanarwa. Jami'ar Doso, wadda aka kafa a 2014, ta fi karkata ga fasahar sadarwa da kwamfuta. Ya miƙa takardunsa ga hukumar ANAB mai kula da tallafin ɗalibai a kan lokaci, kada ya jira sai an rufe.

Sifaniyancin kuma ya riƙa binsa a gefe kullum, ba sai ranar da ya ga dama ba. Yana da sa'a ɗaya: Faransanci da Sifaniyanci tushensu ɗaya, wanda ya iya na farko ba ya shan wahalar na biyu. Sa'a ɗaya a rana, da littafi da rediyo da darussan intanet da abokin hira, ta fi kwana uku a jere sau ɗaya a wata. Yaran da ke raba dare suna kallon ƙwallon Sifaniya, su koma sauraren sharhin cikin harshen.

Sannan ya nemi shaida. Kamfani ba ya karɓar "na iya" da baki. Takardar da aka sani a duniya ita ce DELE, wadda cibiyar Cervantes ke shirya jarrabawarta, mai matakai shida daga A1 zuwa C2. Ya sa wa ransa B2 kafin ya gama lisans, don daga nan ne mutum ke iya rubuta wasiƙar ciniki da yin gardamar farashi. Ofishin jakadancin Sifaniya a Yamai zai gaya masa inda da lokacin da ake zana ta.

Idan ya kai matakin masta, nan ne fita waje ke da ma'ana. Jami'o'in Dakar da Sanluwi a Sanagal suna da sashen harsunan waje da ake haɗawa da kasuwanci, kuma a Dakar ɗin aka buɗe cibiyar Cervantes ta farko a Afirka ta kudu da Sahara a 2021. Hukumar haɗin gwiwa ta Sifaniya, AECID, takan buɗe guraben tallafin karatu ga ƴan wasu ƙasashen Afirka. Irin waɗannan guraben sakamako mai kyau da takardar harshe ke samar da su.

Maganar hanyar Turai

Nan nake so ka tsaya da ƙarfi. Iya harshe ba ya ba mutum biza. Bizar karatu tana neman shaidar jami'a ta karɓe ka, da shaidar kuɗin da za ka ci, da inshorar lafiya. Duk wanda ya zo ya ce ka kawo kuɗi zai samo wa yaro gurbi da biza a Madrid, ka sallame shi. Kada ka sayar da gona ko shanu saboda alkawarin dillali. Su kuwa masu zuga yara su bi ta teku, ka tuna musu cewa a 2024 fiye da mutum 46,000 suka isa tsibiran Kanari cikin kwale-kwale, dubbai kuma suka halaka a hanya. Ɗan da ya shiga Sifaniya da takardar gayyata zuwa baje kolin kayan abinci na Barcelona ko Madrid, da samfurin aya a jakarsa, ya fi daraja da tsaro nesa ba kusa ba.

Abin da ke kanka

Kai ma malaminsa ne, kada ka rena abin da ka sani. Duk hutu ka tafi da shi kasuwa, daga Matankari zuwa Gesheme da Kore Mairuwa. Ka bar shi ya riƙe littafin lissafi, ya san tiya nawa ke cika buhu, nawa mota ke ci, nawa ake rasawa wajen canjin sefa da naira. Ka sa shi ya zaɓi kaya guda ɗaya, zoɓorodo ko riɗi ko aya ko fata, ya bi shi daga gona har inda yake ƙarewa, ya kuma rubuta kundin kammala karatunsa a kai. Zai gane da kansa cewa dankalin Dogon Dutsi kasuwarsa Yamai ce da garuruwan kusa don ba ya jure doguwar tafiya, busasshen kaya ne ke tsallaka teku. Ya nemi gwajin aiki a wajen masu fiton kaya, ko banki, ko Majalisar Ƴan Kasuwa da Masana'antu ta Nijar, ko da ba a biyansa. Wannan shawarar daidai take ga ɗiya mace, don mafi yawan aikin nan a kan tebur da waya ake yin sa.

Kafin ka saki kuɗin rajista, ka zaunar da shi ka yi masa tambayoyi uku. Wane kaya kake son sayarwa? Wa zai saya? Wace takarda za ka riƙe bayan shekara uku? Idan ya amsa biyu daga ciki da hankali, ka sa masa albarka ka tallafa masa iyakar ƙarfinka. Idan amsarsa duka ita ce yana son ganin Sifaniya, ka ba shi wata guda ya je ya yi bincike ya dawo, sannan ku sake zama. Allah ya yi masa jagora, ya sa ka ci moriyar wahalarka.