Turke da Igiya

 Tun daren da muka yi waya maganarka take yi mini yawo a rai, shi ya sa yau da la'asar sakaliya na sa aka shimfiɗa mini tabarma a ƙofar gida, na ɗauko biro da takarda, domin abin da zan faɗa maka ya fi ƙarfin katin da ke wayata, kuma ka san halin sabis a Baure, yana zuwa yana ɗaukewa.

Ka ce darasin jometiri da ake yi muku a jami'a ya ishe ka. Duk mako sai malami ya ba ku jinga, ya ce ku kawo hujja a kan abin da ido yake gani ƙuru-ƙuru. Ka ce wasu abokanka daga waya suke kwafo amsa su sami maki, kai kuwa kana kwana a kan tambaya guda. Har ka tambaye ni ina ruwan ɗan sakandaren da za ka koyar da duk wannan wahala, tunda WAEC da NECO amsa suke nema. Na ji ka, kuma ban ga laifinka ba, gajiya ce. Amma ka yi haƙuri ka saurari baffanka.

A 1976, da gwamnati ta buɗe shirin UPE, an kwashe mu an zuba a azuzuwa mu koyar da ɗan abin da muka sani, domin yara sun yi yawa, malamai sun yi kaɗan. Lissafin siffofi haddarsa muka yi kamar karatun allo. Wata rana, a wata makarantar ƙauye da ba sai na ambaci sunanta ba, na rubuta a allo cewa kusurwoyi uku na alwatika in an haɗa su digiri 180 ne. Sai wani yaro siriri da ke zama a baya ya ɗaga hannu ya ce, “Malam, don me ba 200 ba?” Wallahi ɗana ban sani ba. Maimakon in ce masa ban sani ba, sai na daka masa tsawa, na ce haka yake a littafi, na kalli bulalar da ke kan tebur. Ya sauke hannunsa, kuma har ya bar ajina bai sake ɗaga shi ba. Na yi shekara 35 ina cin alli, na manta sunayen ɗaruruwan yara, amma wannan hannun da ya sauka a hankali ban manta da shi ba.

Amsar kuwa ba ta da nisa. Ka ja miƙaƙƙen layi ta kan tsinin alwatikar, wanda zai bi gindinta kafaɗa da kafaɗa ba tare da sun taɓa haɗuwa ba. Kusurwoyin nan biyu na ƙasa za ka same su sun bayyana a sama, ɗaya a dama ɗaya a hagu, su da ta tsakiya sun cike miƙaƙƙen layi cif, miƙaƙƙen layi kuwa shi ne 180. Sai da furfura ta fara fito mini na san wannan. Kai ga shi ana ba ka shi da ƙuruciyarka, har ana roƙonka ka karɓa.

Wataƙila ka ce ai sai a yanki takarda, a yage kusurwoyin uku a jera su, yara su gani da idonsu. Ka yi musu hakan, yana da kyau ƙwarai. Sai dai ka sani ka nuna musu alwatika ɗaya ce rak, wadda almakashinka ya yanka. Hujja ita ce take ɗaukar nauyin duk alwatikar da aka taɓa zanawa da wadda ba a zana ba tukuna, saboda haka malaminku yake matsa muku a kanta. A kotun alƙali ma, wanda ya ce “ai kowa ya sani” ba a ba shi gaskiya sai ya kawo shaida.

Wannan layin da na ce ka ja, yana da labari mai tsawo. Uƙilidis, wanda ya rayu a Iskandariyya ta Masar wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, ya tsara littafinsa kashi 13 a kan wasu ƴan ƙa'idoji da ya ce a yarda da su ba tare da hujja ba. Huɗu na farko kowa ya karɓa hannu bibbiyu. Ta biyar ɗin, wadda ta shafi layukan da ba sa haɗuwa, ita ta hana masana barci har kusan shekara 2,000, domin gani suke tamkar ana iya tsamo ta daga sauran huɗun. Bayan an juya littafin zuwa Larabci a Bagadaza zamanin Haruna Rashid, manyan malamai irin su Ibnul Haisam da Umar Hayyam da Nasiruddin Ɗusi duk sun gwada ƙarfinsu a kanta, ba ta ba da kai ba. Sai a 1829 Lobachebiski na Rasha, sannan a 1832 Bolyai na Hangari, suka nuna cewa ana iya ajiye ta gefe a gina wani lissafin daban wanda bai ci karo da kansa ba. To ɗana, mutane sun yi haƙurin ƙarni ashirin a kan tambaya guda, kai dare ɗaya ne ya gagare ka?

In kana son ka ga abin da hannunka, karɓi ƙwarya wajen innarka ka kife ta. Daga tsakiyar bayanta ja layi biyu da alli zuwa baki, su rabu da kusurwar digiri 90. Kowannensu zai sauka a kan bakin ƙwaryar a tsaye, wato 90 nan, 90 can. Ka ga alwatika mai 270 ke nan. Ashe 180 ɗin da na yi wa yaro tsawa a kanta ma sharaɗi gare ta, sai a shimfiɗaɗɗen wuri. Duniyar da muke kai kuwa ta fi kama da ƙwaryar, kuma neman alƙibla a bayanta yana cikin abin da ya sa malaman Musulunci suka zurfafa a wannan fanni. Mu nan muna cewa mun fuskanci gabas, amma alƙiblarmu ta ɗan karkata arewa.

Kada kuma ka ɗauka ilimin nan baƙo ne a ƙasar Daura. Mai gina ɗakin kago ko rumbu, turke yake kafawa, ya ɗaura igiya, ya zagaya yana zana ƙasa, kuma abin da littafinku yake kira da'ira bai wuce wannan ba: duk inda ka tsaya a bakin zanen, nisanka da turke ɗaya ne. Magini in zai fitar da kwanar gida yakan auna 3 a nan, 4 a can, in tsakaninsu ya ba shi 5 sai ya ce kwana ta fita. Abin da zai ba ka sha'awa, ba ƙa'idar Fisagoras da kuka haddace yake aiki da ita ba, juyinta ne. Ita cewa ta yi in kwana ta tsaya daidai, tsawon gefuna zai zama kaza, shi kuwa daga tsawon yake gano kwanar. Uƙilidis bai haɗa su ba, ya ba wa ɗaya lamba 47, ɗaya 48, a kashin farko na littafinsa, kowace da hujjarta. Malamin da bai san bambancin magana da juyinta ba, shi ne zai koya wa yara cewa tunda duk Bahaushen Baure ɗan Katsina ne, to duk ɗan Katsina ma daga Baure yake.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne awon gona. Na sha ganin inda aka zagaya gonaki biyu da igiya, aka ga zagayensu ɗaya, aka ce to girmansu ɗaya. Ɗauki mai tsawon taki 40 da faɗin 10, ka ɗauki mai 25 ta kowane gefe. Kowace zagayenta taki 100 ne, amma cikin ta farko 400, ta biyu 625. Wanda aka ba ta farko a rabon gado an rage masa fiye da kashi ɗaya cikin uku, ba wanda ya yi niyyar cutarsa, kuma daga baya in damina ta nuna bambanci a yawan damman gero, zumunci ne yake biyan kuɗin. Yaron da zai riƙe igiyar nan nan da shekara ashirin, daga Babban Mutum ne ko daga Zango ko Sandamu, a ajin wani irinka yake zaune.

Game da masu kwafe, ba zan zage su ba, ƴaƴan mutane ne, Allah ya shirya mana. Amma makin da suka samu takarda ce za ta riƙe shi, ba zai bi su aji ba. Ranar da aka tura ku koyarwar gwaji, ka tsaya gaban yara 70 da guntun alli, waya tana aljihu, wani ya ɗaga hannu daga baya, a nan kowa zai ci abin da ya noma. Kuma ka tuna daga wace ƙasa ka fito. Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan lissafin hatimi wanda har yau masu tarihin lissafi suke ambato. Ba mu fara jiya ba.

Saboda haka in jinga ta zo, ka fara da zane, da rula da kamfas, kafin ka rubuta komai. Kowane layi na hujjarka ka tambaye shi wa ya ba shi izini, ƙa'ida ce ko abin da aka riga aka tabbatar, domin “a bayyane yake” shi ne ramin da ɗalibai suka fi faɗawa. In ka cije, ka rubuta wa malaminka daidai inda ka cije, ya fi masa daɗi a kan shafi uku na aro. In ka gama, ka sake faɗin hujjar da Hausa, da baki, kamar ƙanwarka ce a gabanka. Inda harshenka ya sarƙe, nan ne ba ka gane ba tukuna.

An fara kiran magariba, idona ma ba ya ganin layin takardar sosai. In kun sami hutu ka taho mini da jingar da ta hana ka barcin nan, akwai igiya da turke a bayan rumbu, mu fita fili mu gwada ta a ƙasa. Innarka tana gaishe ka, ta ce a gaya maka ƙwaryar tata in ka zana mata alli kai za ka wanke.