DARASIN WANNAN WATA: YADDA AKE HAƊA DODON GONA DA RAGOWAR KATAKO

Manoman Ruwan Gizo da sauran ƙauyukan Talata Mafara, Bakura da Maradun sun san ɓarnar tsuntsun jan-baki. Tun da aka gama dam ɗin Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978 ake noman shinkafa da ruwansa. Inda shinkafa take kuwa, nan jan-baki yake sauka. Tsuntsu ɗaya yakan ci tsaba kimanin giram 10 a rana. Ke nan guda 1,000 za su cinye kilo 10. Ɓarnar ta fi yawa da sassafe da kuma yamma, tun daga sa'ad da shinkafa ta ɗauki nono har ranar yanka.

Da yawanmu kan hana yara zuwa makaranta don korar tsuntsu. Babban dodon gona zai rage wannan wahala, kuma ba ya cin kuɗi.

KAYAN AIKI

Ragowar katako daga wurin kafinta, zarto, guduma, ƙusa, igiya, tsohuwar riga, malafa, tsohuwar ƙwarya, bambaro, gwangwanaye da tsakuwa.

YADDA AKE YI

1. A sami katako mai tsawon kamu 5. In babu dogo, a ɗora guntaye biyu a kan juna a buga ƙusa.

2. A gicciya wani mai kamu 3 daga sama. Shi ne hannuwa.

3. A tokare hannuwan da guntaye biyu don kada iska ta karya su.

4. A babbaka gindin katakon kaɗan a wuta, don ya daɗe bai ruɓe ba.

5. A sa masa riga, a cusa bambaro ya yi ƙiba. A kifa ƙwarya a bisa, a ɗaura malafa.

6. A zuba tsakuwa cikin gwangwanaye, a rataya a hannuwan.

7. A haƙa rami kamu 1 a kan kunya, a kafa shi ya zarce shinkafa tsawo.

8. A ɗaura masa doguwar igiya zuwa rumfar bakin gona. Da an ja, sai ya motsa ya yi ƙara.

A KULA

Jan-baki yana da wayo. In dodo ya daɗe wuri ɗaya, sai ya saba da shi, har ya sauka a kansa. Saboda haka a riƙa sauya masa wuri da riga bayan kwana biyu ko uku. Maƙwabta su kafa nasu lokaci ɗaya. In garken ya yi yawa, dodo ba zai isa ba, sai a sanar da malamin gona da sauri.

A cire tsofaffin ƙusoshi daga katako kafin a fara aiki. Wanda ƙusa ta soka ya je asibiti ran nan.

TAMBAYOYI

1. Kilo nawa tsuntsu 3,000 za su ci a rana?

2. Don me ake sauya wa dodo wuri?