Darasi: Cin Kifi a Gidajen Abinci na Iskandariyya

Jama'a, darasinmu na wannan wata ya kai mu ƙasar Masar. Iskandariyya birni ne babba a bakin tekun Bahar Rum. Shi ne na biyu a girma bayan Alƙahira. Sarki Iskandar ne ya kafa shi, shekara 331 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Mutanen birnin masu son kifi ne ƙwarai. A unguwar Anfushi, kusa da inda masunta ke ɗaure jiragensu, akwai kasuwar kifi da gidajen abinci da yawa. Amma a irin waɗannan gidaje ba a sayar da kifi faranti-faranti. Awo ake yi.

Idan baƙo ya shiga, sai a kai shi wurin da aka jera ɗanyen kifi a kan ƙanƙara. Akwai wanda suke kira buri, akwai jatan lande da ƙaguwa. Shi zai zaɓa da kansa. Kifi mai kyau idonsa garau yake, jikinsa da tauri, ba ya wari. Wanda idonsa ya dushe ya kwana biyu, a bar musu abinsu.

Daga nan sai a ɗora shi a sikeli. A nan ne ake so mutum ya buɗe ido, domin kuɗin kilo ɗaya ake rubutawa, ba kuɗin kifin duka ba. Ga misali: a ce kilo ɗaya fam 300 ne na kuɗin Masar. Kifin da ka zaɓa ya kai kilo ɗaya da rabi. Kuɗinsa ya zama fam 450. Manyan gidajen abinci sukan ƙara kashi 12 cikin 100 na ladan hidima, wato fam 54, ban da harajin gwamnati. Wanda bai tambaya ba tun kafin kifi ya hau wuta, ba shi da bakin magana bayan ya ci.

Sai kuma a tambaye ka yadda za a dafa. Ana soyawa, ana gasawa a kan gawayi. Amma wanda ya fi suna shi ne singari: a tsaga kifin, a shimfiɗa shi, a zuba tumatir da albasa da tattasai da tafarnuwa, a gasa. Ana cinsa da shinkafar da aka dafa da soyayyiyar albasa, da gurasa, da miyar riɗi mai suna tahina.

Mai ƙaramin ƙarfi ma ba ya kwana da yunwa. A bakin titi ana sayar da dafaffen wake, wato ful, da soyayyiyar hanta mai yaji a cikin burodi.

Tambayoyi
1. A bakin wane teku Iskandariyya take?
2. Idan kilo ɗaya fam 300 ne, nawa ne kuɗin kilo biyu da rabi?