Fijo 504 a Ƙasar Gaya da Ajingi: Waiwaye a Kan Tarihin Wata Mota

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala ta bi diddigin motar Peugeot 504, wadda Hausawa suke kira Fijo, domin fito da gurbinta a tarihin sufurin gabashin Jihar Kano. Sunan kansa abin nazari ne. Hausar asali ba ta da sautin /p/ mai zaman kansa, don haka ya koma /f/, sautin tsakiya na Faransanci kuma ya zama /j/.

2.0 Asali da Ƙira

Kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da 504 a shekarar 1968, ta kuma lashe kambun gwarzuwar motar Turai a 1969. Injinta yana gaba, amma ƙafafun baya ne suke tura ta, ta hanyar farfela da ke kai ƙarfin inji daga giyabos zuwa baya. Idan aka yi lodi, nauyin yakan danne ƙafafun da ke turawa, sai su ƙara kama ƙasa. Wannan, haɗe da tsayinta daga ƙasa, shi ya sa ta jure hanyoyin burji da rairayi.

3.0 Daga Kaduna Zuwa Gaya

An kafa kamfanin PAN a 1972, masana'antarsa ta Kakuri a Kaduna kuma ta fara harhaɗa motoci a 1975. Gwamnatin Janar Obasanjo (1976–1979) ta mayar da Fijo motar jami'an gwamnati bisa manufar rage facaka. Daga ofisoshi ta gangaro tasha. Samfurinta mai layin kujeru uku ya zama motar haya a hanyar Kano zuwa Wudil da Gaya, hanyar da ta ƙara muhimmanci bayan Dutse ta zama babban birnin Jigawa a 1991. A yankuna irin su Ajingi kuwa, darajarta ita ce sauƙin gyara: injin kafireta ne, wanda bakaniken gefen hanya yake iya kwancewa ya ɗaura ba tare da kwamfuta ba.

4.0 Ja da Baya

Tsarin SAP na 1986 ya karya darajar naira, sabuwar mota ta gagari talaka. Gwanjon motocin Turai da Japan, waɗanda yawancinsu ƙafafun gaba ke jan su, suka mamaye kasuwa saboda arha da ƙarancin shan mai. Faransa ta daina ƙera salun ɗin 504 tun 1983, Kaduna kuwa ta ci gaba har tsakiyar shekarun 2000.

5.0 Kammalawa

Ɓacewar Fijo ba ta tsaya a kan ƙarfe ba. Tana tafiya da kalmomin kanikanci, da kirarin direbobi, da labaran 'yan kamasho. Masu wannan sani a tashoshin Gaya da Ajingi sun manyanta, don haka wajibi ne manazarta su naɗi bayanansu tun suna raye.